Yadda Ake Haɗa Zaman Matasa da Masu Buƙata ta Musamman a Unguwa

Tun da muka fara haɗa samari da 'yan matan unguwarmu da 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman a nan Zariya, tambayoyi iri ɗaya nake sha. Malamin Islamiyya ya tare ni bayan sallar Magariba, ɗalibi ya kira ni daga Samaru, wata uwa ta aiko ɗanta daga Tudun Wada: ta ina ake farawa, me ake kashewa, me za a faɗa wa yaran? Amsar ta fi ƙarfin gaisuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuta ta daki-daki.

Abin da na gani da idona shi ne, yaron da ke bin gurgu da waƙa a lungu ba ya dainawa don an tara su an yi musu lacca. Yana dainawa ne ranar da ya san sunan mutumin, suka ci abinci a kwano ɗaya, suka yi wani aiki tare har ya ga abin da mutumin ya fi shi iyawa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Fara da masu abin

Kafin ka nemi kujera ko lasifika, nemi mutum biyu ko uku masu lalura da za ku shirya komai tare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kwamitinku na mutum shida ne, rabinsu su zama masu lalura, kuma a sami mace a ciki ko da ɗaya ce.

Ba sai ka yi nisa ba. Akwai tela mai keken guragu a bakin kasuwa, akwai kurman da ke gyaran waya ko walda, akwai ɗalibai makafi da guragu a Jami'ar Ahmadu Bello, a Samaru da Kongo, da sauran manyan makarantun garin nan. Ga kuma haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, JONAPWD, da shugabannin gargajiya irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda sun san mutanensu gida-gida. Idan za ka wajen irin waɗannan, ka tafi kamar yadda za ka je gaban kowane basarake: ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce "Allah ya ja zamanin Sarki", ka faɗi abin da ya kawo ka, sannan ka yi shiru ka saurara.

Gargaɗi: kada ka gama tsara taro sannan ka je gayyatar mai lalura ya zo ya zauna a gaba don a gan shi. Sun sha irin wannan gayyata, suna gane ta tun daga sallama. Tambayar da za ka fara da ita ita ce: "Malam, da kai za ka tsara wannan zama, me kake so yaran nan su sani?"

2. Nemi izinin manya

Da ɗan gari akan ci gari. Je wajen mai unguwa, je wajen limamin masallacin da ke kusa, idan a Wusasa ne ko wani ɓangare na Sabon Gari ka haɗa da shugaban majami'a. In a makaranta za a yi, rubuta wa shugabanta takarda mai shafi ɗaya: ranar zama, tsawon lokaci, yawan yara, sunayen waɗanda za su yi magana. Ka bayyana a fili cewa ba rabon kaya za a yi ba, kuma babu hannun ɗan siyasa. Wannan jimla ɗaya za ta raba ka da cunkoson da ba ka shirya masa ba.

Iyayen yara masu lalura su ne suka fi wuyar shawo kai, kuma suna da hujja. An taɓa yi wa ɗansu dariya, an taɓa ɗaukar hotonsa ba izini. 'Yan mata masu lalura kuwa su aka fi ɓoyewa a gida. A nan mace ce za ta shiga ta gana da uwar, ta ce "Inna, tare za mu tafi da ke, ki zauna ki gani da idonki." Idan ta ƙi a karon farko a bar ta, a sake komawa bayan zama na biyu.

3. Zaɓi matasa kaɗan

Ashirin zuwa talatin sun isa, masu shekara 13 zuwa 20, kuma kashi ɗaya cikin uku su zama masu lalura. Idan mai lalura ɗaya ne tak a tsakiyar mutum talatin, ya zama abin kallo. Kada ka kwaso yaran kirki kawai, waɗanda dama ba sa tsokanar kowa. Ka nemo shugaban majalisar samari, kyaftin ɗin ƙwallon layi, yarinyar da ƙawayenta ke bin bayanta. Wanda ya fi kowa baki wajen tsokana, in ya juya, shi ne zai fi kowa hana ta.

4. Wuri da lokaci

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Zamanmu na farko an ba mu aron wani ɗakin taro mai kyau, na yi murna na karɓa ban je na duba ba. Ashe a saman bene yake. Baƙonmu babba, magidanci mai 'ya'ya, ya iso a kekensa ya tsaya a gindin matakala yana duban sama. Samari huɗu suka ciccibe shi, hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare, yara suna leƙowa ta taga. Da aka ajiye shi ya gyara hularsa a hankali, ya ce mini a kunne, "Ɗana, gobe ka fara duba ƙofa kafin ka duba baƙo." Duk abin da aka faɗa ranar game da mutunci, matakalar nan ta riga ta ƙaryata shi.

Saboda haka ka je wurin da ƙafarka, tare da ɗaya daga cikin 'yan kwamiti mai keke, kwana bakwai kafin ranar. Ga abin dubawa. Ɗakin ya zama a ƙasa. Faɗin ƙofa ya kai ƙafa uku. Hanyar shigowa ba kwata a buɗe, ba yashi mai zurfi. Banɗaki yana kusa kuma keke na shiga. Mai rarrafe da hannu ba zai shiga banɗaki mai jiƙaƙƙen ƙasa ba, don haka a wanke a bar shi ya bushe. Akwai haske sosai a inda mai magana da mai fassara za su tsaya, domin kurma da ido yake ji. Akwai inuwa, domin zabiya rana na ƙona masa fata tana kuma damun idonsa.

Idan akwai dakali a bakin ƙofa, kira kafinta ya yi gangara ta katako. Ƙa'idar da za ka ba shi mai sauƙi ce: kowane inci ɗaya na tsayin dakali, ƙafa ɗaya na tsawon katako. Dakali mai inci shida yana son gangara mai ƙafa shida. A buga ƙananan katakai a gefe biyu don kada taya ta zame.

Gargaɗi: gajeren katako da aka jingina a tsaye ya fi rashinsa haɗari, keke na iya kifewa da baya.

Game da lokaci, safiyar Asabar daga tara zuwa sha ɗaya da rabi ta fi, ko Alhamis da yamma tunda Islamiyyu na hutu. Ka guji Juma'a idan cikin baƙinka akwai wanda abincin gidansa ya dogara da abin da yake samu a ranar. Ka guji tsakiyar damina, musamman Agusta, lokacin da lungunan cikin Birni ke cika da laka, keke ba ya motsi. A cikin hunturu kuma kada ka sa ƙarfe takwas, ba wanda zai fito.

5. Kuɗi da kayan aiki

Farashi na sauyawa kusan kowane wata, don haka ka tambayi kuɗin kowane abu a satin da za ka yi, ka rubuta. Abin da ba ya sauyawa shi ne jerin da za ka bi wajen kashewa. Na farko kuɗin Keke Napep na ɗauko masu lalura daga ƙofar gida da mayar da su. Na biyu haƙƙin mai fassarar maganar hannu. Na uku katako da kuɗin kafinta, wanda sau ɗaya ne, gangarar za ta yi ta amfani. Na huɗu ruwa da ɗan abin taɓawa: jakar ruwan leda guda ashirin ke ciki, jaka uku sun ishi mutum talatin, sai ƙosai ko gyaɗa ko dabino. Sai kwali, alli ko maka, da littafi ɗaya na rubuta sunaye.

Abin da ba ka buƙata: rumfar haya, babbar lasifika da janareta, riguna masu tambari, babban baƙo na musamman. Mutum talatin a aji ɗaya suna jin juna ba lasifika, ƙarar janareta ma tana hana masu ƙarancin ji fahimta. Benci da tabarma aro ake yi a makaranta ko masallaci. Na ga inda kuɗin riguna ya cinye kuɗin mota, aka wayi gari masu riga sun cika ɗaki, waɗanda aka yi taron dominsu suna gida.

Hanya mafi tsabta ta tara kuɗin ita ce karo-karo tsakanin 'yan kwamiti da 'yan kasuwar unguwa, a rubuta abin da kowa ya bayar, a karanta a gaban jama'a bayan an gama. Wanda ya zo ya yi wa yara magana ya bar sana'arsa ta rabin yini, a ba shi wani abu a ambulan, a keɓe, da sunan haƙƙin aikinsa.

Gargaɗi: kada a ajiye faranti ko a yi shelar "a taimaka wa bayin Allah" a wajen zaman. Da zarar an yi haka yara sun koma kallon masu lalura a matsayin masu karɓa, aikin ya rushe.

Wata magana kan mai fassara. Kuramen da suka yi makaranta galibi suna amfani da maganar hannu ta makaranta, wadda tushenta daga ta Amurka yake. Waɗanda suka tashi a kasuwa da unguwa kuma suna da maganar hannu ta Hausa, wadda daban take. Ka tambayi kuramen da za su zo wacce suke ji, su ma za su nuna maka wanda suka yarda da fassararsa.

6. Gyara harshe tun kafin ranar

Kwana ɗaya ko biyu kafin zaman, tara matasan da ba su da lalura na rabin awa. Rubuta a allo duk sunayen da suke kiran mutane da su a layi, kada ka tsawata, bar su su faɗa. Za ka ji "gurgu", "bebe", "musaki", "taɓaɓɓe", "ɗan makauniya". Sannan ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wannan da kuke kira gurgu, mene ne sunansa na yanka? Yawanci shiru ke biyo baya. Shirun nan shi ne darasin, kada ka yi saurin cike shi. Bayan nan ka karanta musu aya ta 11 ta Suratul Hujurat, inda Allah ya hana izgili da jifan juna da laƙabi.

Ƙa'idar da muke ba su: kira mutum da sunansa, in ya girme ka ka ce Malam, Yaya, Baba ko Hajiya. Idan dole sai an ambaci lalurar, a tambaye shi yadda yake so. Wasu makafi ba sa ƙin a ce makaho, suna ma alfahari da ƙungiyarsu; wasu sun fi son "mai lalurar gani". Ba kai za ka yanke musu ba. Ka kuma hana kalmomin tausayi da ake yi a gaban mutum kamar ba ya ji, irin "wayyo, abin tausayi". Wani saurayi mai sanda biyu ya taɓa gaya mini zagi bai kai wannan ciwo ba, don zagi yana iya ramawa.

7. Tsarin ranar

Awa biyu da rabi, kada ta wuce. A zauna a da'ira, maza gefe mata gefe idan haka al'adar wurin take, amma a cakuɗa masu lalura da marasa ita a kowane gefe. Babu teburin manya.

Minti goma na farko addu'a da gabatarwa. Kowa ya faɗi sunansa da abu ɗaya da ya iya: ɗinki, kiwon tattabaru, haddar izu goma, tuyar awara. Ba a ambatar lalura a nan. A faɗi suna da ƙarfi duk lokacin da mutum zai yi magana, don makafi su san wa ke magana.

Minti ashirin na gaba na malami ne, kuma ka gana da shi tun da wuri don kada ya karkata zuwa falalar sadaka. Abin da ake so ya kawo shi ne Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya zama ladanin Annabi (SAW) tare da Bilal, kuma aka sha bar masa riƙon Madina idan an fita. Da Amru ɗan Jamuhu, mai gurguntaka, wanda ya dage sai ya fita Uhudu ya kuma yi shahada a can. Da Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda lalurar jiki ba ta hana shi zama mai fatawar Makka ba. Idan akwai yara Kirista, farkon sura ta 9 ta Yohanna na nan, inda aka tambayi Yesu laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne ba kuma na iyayensa ba. Wannan batu na laifin iyaye ka tsaya a kansa, domin har yanzu akwai gidajen da ake zargin uwa idan ta haifi yaro mai galahanga.

Sai minti talatin na baƙi biyu masu lalura, namiji da mace. Su ba da labarin yininsu ɗaya daga asuba zuwa dare: yadda ake tsallaka titi a Kwangila da sanda, yadda mai Keke Napep ke wucewa idan ya hango keken guragu, yadda ake karatun jarrabawa da waya mai karanta rubutu da murya. A bar yara su yi tambaya. Masu jin kunya su rubuta a takarda ba suna.

Gargaɗi: kada ka matsa wa baƙo ya ba da labarin yadda lalurar ta same shi. In ya so zai faɗa. Kuma babu ɗaukar hoto ko bidiyo sai da yardar mutum, yaro kuma da yardar iyayensa. Wanda za a sa a Facebook ko WhatsApp a nuna masa tukuna.

Sauran lokacin na aiki da hannu ne da cin abinci tare.

8. Koyar da taimako a aikace

Wannan ne sashen da yara suka fi so, shi ne kuma suke tafiya da shi gida. Ka raba su rukuni huɗu, kowane rukuni mai lalura ne malaminsa, ana juyawa bayan minti goma. Doka ɗaya ta hau kan kowane rukuni: tambaya kafin taɓawa. "Malam, in taimaka?" In ya ce a'a, ka ce to, ka wuce ba fushi.

Jagorancin makaho. Yi sallama, faɗi sunanka. Kada ka ja sandarsa, kada ka tura shi daga baya. Miƙa masa gwiwar hannunka ya riƙe, ka yi gaba da rabin taku. Faɗa masa abin da ke gaba da sunansa: kwata, dakali biyu na hawa, babur a hagu. "Nan" da "can" ba su da amfani gare shi. In za ka zaunar da shi, ɗora hannunsa a bayan kujera, zai zauna da kansa. In za ka tafi ka ce ka tafi, kada ka bar shi yana magana da iska.

Keken guragu. Kamar jikin mai shi yake, ba a jingina da shi, ba a rataya masa kaya, ba a turawa sai an ce. Wajen sauka daga dakali da baya ake saukowa. In hira za ta yi tsawo ka nemi wuri ka zauna, don kada wuyansa ya gaji da ɗaga kai.

Magana da kurma. Ɗaga hannu ko taɓa kafaɗa a hankali, ba jifa da tsakuwa ba. Fuskance shi, kada ka rufe baki, ihu ba ya ƙara komai. Shi za ka kalla ba mai fassara ba. Kowane yaro ya fita da alamu biyar: sallama, na gode, sunana, ruwa, yi haƙuri. A nan ne dariya mai daɗi ke tashi, domin kurman ne gwani, masu ji su ne 'yan koyo.

Farfaɗiya. In da hali a gayyato ma'aikacin lafiya. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko taɓawa. Idan mutum ya faɗi, kawar da wuta da ƙarfe da duk abin da zai ji masa ciwo, sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar a tafi asibiti. A ƙara da kuturta a wannan rukuni: tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da shi, wanda ya fara sha kuma ba ya yaɗa ta. Cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye, a bakin garinmu.

Gargaɗi: mutane da yawa na son a ɗaure wa yara ido da ƙyalle ko a ɗora su a keke wai su ɗanɗana. Ni na daina. Yaron da aka rufe wa ido na minti biyar tsoro kawai yake ji, ya kwance yana cewa "Allah ya raba mu", alhali makahon da ke gabansa ya shekara ashirin yana zuwa kasuwa shi kaɗai. Gara makahon ya nuna musu yadda yake gane kuɗi, yadda yake aika saƙo a waya, yadda sandarsa ke gaya masa bambancin kwalta da ƙasa.

9. Maganar juriya da maganar haƙƙi

Kowa ya san karin maganar nan, babu nakasasshe sai kasasshe. Gaskiya ce, amma ka lura da bakin da za ta fito. Idan mai lalura ya faɗe ta, ƙarfafawa ce. Idan mai lafiya ya faɗa wa yarinyar da ajinta ke saman bene, ya ɗora mata laifin matakalar da ba ita ta gina ba. Don haka juriya da haƙƙi tare ake koyar da su, a zama na biyu.

Wajen misali ka fara da na gida. Aliyu Namangi, mutumin ƙasar Zazzau, ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, ya yi ilimin addini mai zurfi, ya bar waƙoƙin Imfiraji da har yau ake rerawa ana kuma nazarinsu a jami'o'i, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ga masu son wasanni, a gasar nakasassu ta duniya ta 2016 a Rio 'yan Najeriya sun ciyo lambobi 12, takwas na zinare, a shekarar da tawagar Olamfik ta dawo da tagulla ɗaya. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allo mai taya kuwa a ƙasar nan aka ƙirƙiro ta. Amma kada ka tsaya kan shahararru kaɗai. Yaro mai shan inna da ke jin labarin zinare kullum yana iya ɗauka cewa sai ya yi abin mamaki za a ga mutuncinsa. Telan bakin kasuwa da ke ciyar da iyalinsa misali ne cikakke.

Sannan a karanta musu doka da Hausa mai sauƙi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta ba su fifiko a layi, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Na ga saurayi kurma ya nemi a maimaita masa maganar kashi biyar sau uku, yana rubutawa a tafin hannunsa.

Ga marasa lalura kuma, tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya cikin shida a duniya na rayuwa da wata nakasa, kuma da yawa ba da ita aka haife su ba. Haɗarin babur, hawan jini da ke shanye ɓarin jiki, ciwon suga, tsufa. Ka ce kowa ya ƙirga mutanen gidansu. Kafin a zagayo da'irar za su gane maganar kakarsu ake yi da kawunsu.

10. Aiki ɗaya tare, da bibiya

Zama ɗaya ba ya isa. Shirya huɗu, mako biyu-biyu tsakani, kuma tun a na biyu matasan su zaɓi aiki ɗaya ƙarami da za su gama cikin wata guda. Gangarar siminti a ƙofar masallacin unguwa. Rufe kwatar da ke kan hanyar makaranta. Roƙon shugaban makaranta ya sauko da wani aji ƙasa. Karanta wa ɗalibi makaho littafin darasi a naɗa masa a waya. Jadawalin rakiya zuwa makaranta, mutum biyu kowace rana. A kowane aiki mai lalura ya riƙe wani muƙami na gaske, ma'aji ko shugaba ko mai duba inganci, don shi ya san ko gangarar ta yi.

Gargaɗi: kada ku yi alkawarin keke, na'urar ji ko kuɗin makaranta alhali ba su a hannunku. Alkawari ɗaya da ya faɗi yana rufe ƙofofin gidaje goma. Wanda ke buƙatar duba ido ko kunne a haɗa iyayensa da asibitin koyarwa na Shika, ko cibiyar ido da ta kunne na ƙasa da ke Kaduna, wani daga kwamiti ya raka su ranar farko.

A littafin nan na sunaye, bayan kowane zama rubuta wa ya zo, wa bai zo ba, a kuma bi wanda bai zo ba har gida a ji dalili. Sau da yawa za ka tarar mai Keke Napep ne bai je ba, ko wani ya faɗi wata kalma a hanyar komawa. Bayan zama na huɗu ka tambayi masu lalurar su kaɗai, ba a gaban sauran ba: an rage kiran ku da laƙabi a layi? Wa ya zo gidanku ziyara? Me za a sauya? Amsarsu ce za ta nuna maka ko a ci gaba da rukunin nan ko a ɗauko sabo.

Idan kuna son ƙarshen aikin ya dace da 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, ku kafa kwamiti a farkon Satumba, ku gama neman izini da duba wuri kafin ƙarshen watan, zama na farko ya kama tsakiyar Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Ranar 15 ga Oktoba ita ce ranar farar sandar makafi, ta dace da darasin jagoranci.